Arzika Mai-Garmaho da Kaset ɗin da Na Shanya

Ku da kuka san yayana Arzika, kun san ba ya buɗe cikin rediyo sai ya gaishe ta. Mutum zai taso tun daga Sanam ko Damana, ya iso rumfarsa a kasuwar Filinge a gajiye, ya ajiye akwatinsa, amma Yaya ba zai ko dubi mai kayan ba. Rediyon zai ɗauka, ya shafa mata baya, ya kai hanci ya sunsuna, sannan ya ce mata, "Sannu da hanya. Mi anka yi miki?" Sai ya gama da ita tukuna zai ɗaga kai ya tambayi mutum lafiyar gida. Idan kuwa mai kaya ya kuskura ya ce ai mutuwa ta yi, to ranar ya ja wa kansa. Yaya zai ajiye turnabis ɗinsa, abin kwance ƙusoshin rediyo, ya dubi mutum sama da ƙasa, ya ce, "Kai kay yi mata wanka? Kai kab bizne ta? Ba ta mutu ba, hushi taka yi."

Wannan magana na ji ta har na gaji da ji. Ya faɗe ta a kan garmaho, ya faɗe ta a kan tocila, ya faɗe ta a kan agogon liman. Ko batir, wanda mu nan muke ce wa pil, Yaya bai yarda yana ƙarewa ba. Zai ɗora masa guntun waya a gindi, ya lasa da harshe, ya yamutsa fuska, ya ce da sauran rai, sannan ya kai shi bisa rufin rumfa ya jera a rana. Kullum akwai pil birjik a can suna shan rana. Abin haushin shi ne, idan ya sauko da su da la'asar sai su yi aiki, ko da na rabin labarai ne. Duk ƙasarmu ta Kurfai a wurinsa aka koyi shanya pil. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kai ni ƙasa.

Ni ce Kulu, autarsu. Na fi kowa zaginsa yana da rai, kuma ba zan fasa don ya rasu ba. Mai taurin kai da maƙo irinsa ba a taɓa yi a gidanmu ba, kuma gidanmu ba a rasa masu taurin kai ba. Amma da taurin kan nan ƴaƴana uku suka ci tuwo a shekarar babban fari, lokacin da saura ƴan kwanaki a daka irin shukarmu, mu rufe gida mu bi mota zuwa Yamai. Abin da ya rasa a kan haka kuwa, ban san girmansa ba sai daga baya. Zan zo wurin, ku bari in fara daga garmaho.

Yaya ya yi sojan Faransa, kamar samarin Kurfai da yawa a zamaninsa. Bai taɓa ba mu labarin harbi ba. Abin da muka sani shi ne an ɗora masa akwatin waya a baya shekara huɗu yana bin wani hafsa, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da ƙaramin turnabis mai jan mariƙi wanda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Ana gab da samun mulkin kai, kumandan na ƙarshe, Nasaran da ke mulkin garin, yana haɗa kayansa, sai kukunsa ya fito da wani garmaho zai jefar, wai ƙarfen da ake wanawa ya tsinke a ciki, allura kuma ta ƙare. Yaya ya tare shi a hanya, ya ɗauko garmahon a ka, da faya-fayai biyar a hammata. Wata guda cur yana zaune a zaure a kansa. Ya haɗa ƙarfen, ya shafa masa man shanun Inna ba da saninta ba, faifai ya soma juyawa. Saura allura, ita kuwa sai Yamai, Yaman ma sai an taki sa'a.

Kowa ya ce ya haƙura. Shi kuwa ya ɗauki wuƙa ya shiga daji, ya dawo da aljihu cike da ƙaya, ta aduwa, ta bagaruwa, ta magarya, ta farar ƙaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, ta aduwa ce ta ci. Ranar bikin mulkin kai, bayan an ɗaga tuta makaɗa sun gaji, sai ga Yaya ya kafa garmaho a kan turmi a bakin kasuwa. Ƙaya ɗaya waƙa ɗaya take yi ta dakushe, don haka ya jera ƙayoyin a baki, yana wanawa da dama yana canji da hagu, ko gaisuwa ba ya iya amsawa. Waƙoƙin na Nasara ne, babu wanda ya san abin da ake cewa, amma har tsofaffi sai da suka taka. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya matso ya tambaye shi yadda za a yi yanzu, tunda Nasara ya tafi da allurarsa. Yaya ya zare ƙayoyin daga baki ya ce, "Shi tahi da ita. Mu ƙaya ba ta ƙare muna." Tun ranar ya zama Arzika Mai-Garmaho, sunan bai sake shi ba har bayan an manta da garmaho.

Da ƙananan rediyo na hannu suka shigo, sai ya kafa rumfa, kuma a nan mutane suka gane gyara wurin Yaya ba na mai sauri ba ne. Akwai wani Bafillace daga wajen Sanam, Altine, da ya kawo rediyo mai rigar fata wadda saniya ta taka. Cikin mako biyu Yaya ya sa ta yi magana. Altine ya ji, ya washe baki, ya miƙo hannu. Yaya ya janye ta, ya ce muryarta ba ta washe ba, akwai kaki a maƙogwaronta, ba zai yarda a ce daga hannunsa ta fito a haka ba. Altine ya rantse haka ya saye ta, kuma haka yake son abarsa. Yaya ya ce to tun farko aka cuce shi. Ku ji mutum fa, da kunne ɗaya, shi ne mai jin abin da masu kunne biyu ba su ji ba!

Haka Altine ya koma zuwa duk Lahadi. Zai gama cin kasuwarsa, ya zo rumfa a kunna masa rediyonsa ya saurara, ya yi sallama ya tafi hannu rabbana. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Ranar da Yaya ya gano ƴar wayar da ke kawo kakin, ya gyara, ya miƙa masa yana hura hanci, sai Altine ya juya ta, ya sake juya ta, ya mayar bisa tebur. Ya ce a ruga babu pil, babu inuwa, babu abokin hira, gara a bar ta nan ya riƙa zuwa. Yaya ya ce masa rumfarsa ba garke ba ce. Amma sai da rediyon ta ƙara shekara uku a wurin.

Maƙonsa kuwa, matarsa Hajo ce ta fi kowa saninsa, Allah ya saka wa baiwar Allah nan. Ba ya jefar da komai. Gwangwanayen madara da na tumatir a jere har rufin ɗaki, wannan na ƙusoshi, wannan na guntayen waya, wannan na abin da shi kansa bai san ko mene ne ba. Ba ya kunna fitila don aiki, wai Allah ya ba da rana kyauta. Lokacin da ƴan cin rani suka fara dawowa da manyeto, akwatin nan da ake sa wa kaset, sai ya gano ciwonta ɗaya ne, wata ƴar roba da ke juya cikinta takan saki saboda zafi. Ya yanka robar cikin tayar keke, ta cika laushi. Ana cikin haka Hajo ta sayi takalmin roba sabo fil, ta sa shi sau ɗaya. Ranar wani suna ta nemi ƙafar hagu sama da ƙasa, ta zargi akuya, ta zargi maƙwabta. Yaya yana zaune yana kallonta. Sai da ya ga ta fara hawaye ya ce, "Bar biɗa, Hajo. Takalminki na can garin Bonkuku cikin wata manyeto, shina waƙa." Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A na huɗu ya lallaɓo ya tambaye ta, tunda ƙafa ɗaya ba ta da amfani, ko za ta ba shi ta daman.

Abu ɗaya na san ya mallaka wanda ba tarkace ba ne. Wani ɗan cin rani ya ba shi tukuicin kaset sabo, babu komai a ciki, irin mai ƴan ƙusoshi da ake kwancewa a ɗaure. Yaya ya rasa abin da zai ɗauka, sai ya lallaɓa bayan ɗaki inda Inna ke niƙa. Innarmu tana da wata waƙar niƙa da ta koya wurin kakarta, tun zamanin da gidanmu ba su fara salla ba, tana jera sunayen kakanni da na rijiyoyin da suka sha kafin su zauna a nan. Ba ta yin ta idan ta san ana ji. Ya ɗauke ta tas, har da gurzar dutse. Can ƙarshe ta waiwayo ta gan shi, sai ka ji ta a kaset ɗin tana cewa, "Arzika, kashe abin ga, ɗan banza!" Ba ta ƙara shekara ba ta rasu. Tun daga nan, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yakan ɗauki manyeton da ke hannunsa ta gyara, ya kira ni idan ina gari, mu saurara. Sau ɗaya tak, don kada pil ya ƙare. Ni ban iya waƙar ba, shi ma bai iya ba, a kaset ɗin kaɗai ta rage.

Sai fari ya yi tsanani. Ba sai na gaya muku ba, wasunku a goye kuke. Ana shuka, hatsi ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Shanu suka faɗi a bakin rijiyoyi. Altine ya zo wata Lahadi da sanda kawai, babu ko ɗan maraƙi a bayansa, ranar bai nemi a kunna rediyo ba. Ni ina gidan aurena a ƙauye, tafiyar hantsi daga Filinge. Maigidana ya tafi Ikko neman abin da za mu ci, fiye da shekara babu wasiƙa babu saƙo. Muka ci dusa, muka ci anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci, muka haƙa gidan tururuwa. Abin da ya rage a ɗakina tulu ɗaya ne na iri, na liƙe bakinsa da yumɓu, kuma ko ƴaƴana sun san wanda ya taɓa shi zai gamu da ni.

Surukina tsoho ne mai haƙuri, amma haƙurinsa ya ƙare. Ya tara mu ya ce akwai kamiyo, babbar motar kaya, da zai kwashi mutane zuwa Yamai ranar Lahadi ta sama, an ce ana rabon abinci a can. A fasa tulu a daka irin a yi guzuri, a rufe gida. To wanda ya ci irinsa ya san ya yi sallama da gonarsa, ko ya dawo ba shi da abin zubawa a rami. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. A ranar ne, da na je cin kasuwar Filinge, wani direba ya sa aka nemo ni, ya ba ni kaset a naɗe cikin tsumma. Ya ce a Doso wani ya ba shi, wanin ma wani ya ba shi, shi dai bai san komai ba sai sunana da na ƙauyenmu. A lokacin masu cin rani sun fara haka, wanda bai iya rubutu ba sai ya yi maganarsa a kaset ya aiko gida.

Da ina da hankali, da wurin Yaya na nufa, ga rumfarsa can ina hange. Amma na tuna Altine, na ce a raina wannan mutum zai iya riƙe mini muryar miji har kaka. Sai na yi ƙauye, inda mai gari ke da manyeto. Aka sa kaset, aka danna. Pil ɗin sun yi sanyi, murya ta fito a hankali tana jan ƙafa kamar ta bijimi, ta kira sunana da ƙyar, ta tsaya. Na dai gane shi, yana da rai. Mai gari ya ce babu damuwa, gobe a shanya pil yadda Arzika ke yi.

Da safe aka jera pil a kan guntun kwano a tsakar gida. Ni kuma na tsaya na yi tunani irin nawa. Na ce ai ba pil kaɗai suka yi sanyi ba, muryar ma ta yi sanyi, ta sha hanya tun daga Ikko, bari ita ma ta sha rana ta yi ƙarfi. Na ɗora kaset ɗin a gefensu, a kan kwano, a tsakiyar bazara, na ɗauki ƙwarya na tafi neman anza. Da na dawo bayan azahar, kaset ya lanƙwashe kamar busasshen ganye, ramukansa biyu sun karkace. Na ɗauka ya ƙona mini yatsu. Wallahi ranar da akuyata ta ƙarshe ta faɗi ban yi kuka ba, amma ranar na yi, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na isa gidan Yaya da la'asar sakaliya. Ya karɓi kaset ɗin, ya gaishe shi yadda ya saba, ya sunsuna, sannan ya tambaye ni abin da ya faru. Na faɗa, kaina a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Shekara da shekaru ina koya ma Kurfai shanya pil, ban taɓa cewa a shanya mutum ba." Na gaya masa maganar tulu da ta kamiyo, na ce, "Yaya, ya mutu ko?" Ya ce, "Ke kin ga an yi mai wanka?"

Washegari Talata bai fita rumfa ba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifa masa ɗa. Ya rataya tabarma a ƙofar zaure, ya wanke hannu, ya hana kowa shiga sai ni, ni ma da sharaɗin in zauna a lungu in yi shiru. Ya zafafa wuƙa ya yanke gidan kaset ɗin. Zaren ciki ya manne da juna, gefensa ya yamutse. Da me kuke zaton ya ɓamɓare shi? Da ƙayar aduwa. Tsawon ɗan yatsa ɗaya, ya tsaya, ya hura, ya ƙara wani. Abin da ya warware sai ya rataya a kan karan da ya kakkafa a bango, har zauren ya cika da zare. Inda ya yamutse sai ya cika kwalba da ruwan randa mai sanyi, ruwan da Hajo ta yi rabin yini a layin rijiya kafin ta samo, ya riƙa jan zaren a bayan kwalbar a hankali har ya miƙe. Inda ya tsinke sai ya liƙa da ƙaro da takardar sigari, wadda ya je ya roƙo wurin wani jandarma, shi da ko warin taba ba ya so.

Rana na faɗuwa sai ya tashi ya kaɗe riga. Na roƙe shi ya kunna fitila ya ci gaba, ya ƙi. Na ce masa ƴaƴana za su mutu saboda kananzir na dala, na zage shi zagin da ƙanwa ba ta yi wa yaya. Ya yi ficewarsa. Daga baya Hajo ta gaya mini ya ce zafin fitila zai ƙarasa abin da rana ta fara. Da ya ga dama ai da ya faɗa mini da bakinsa, amma ina, ba halinsa ba ne.

Ranar Alhamis surukina ya aiko cewa Asabar da hantsi za a fasa tulu, ko ina nan ko ba na nan. Ranar Juma'a da safe zare ya gama warwaruwa, sai dai babu gidan da za a naɗe shi a ciki. Yaya ya zaga Filinge kaf. Masu kaset ba su fi a ƙirga da yatsu ba, nasu kuma irin liƙaƙƙen nan ne da in an buɗe sai ya fashe. Ya dawo daga masallaci, ya ɗauko kaset ɗin Inna kamar kowace Juma'a, ya sa muka saurara. Da ta kai wurin zagin, sai ya mayar da shi farko ya sake kunnawa. Ban taɓa ganin ya maimaita ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko turnabis mai jan mariƙi.

Na ce, "Yaya, a'a. Ban da wannan."

Ya ce, "Inna ba ta jin yunwa yanzu. Ɗiyanki ka ji."

Ya kwance ƙusoshin, ya zare zaren Inna, ya naɗe shi a hankali a jikin guntun kara, ya lulluɓe da tsumma mai tsabta. Ya ce in an gama zai mayar da ita ɗakinta. Ya nemo gwangwanin da ya fi kowanne murfi mai kyau, wanda yake ajiye abin da ya fi ji da shi, wato mayen ƙarfen da yake cirewa daga bakin tsofaffin rediyo, ya sa ta a ciki ya rufe. Kafin rana ta faɗi ya gama naɗe muryar maigidana a gidan Inna.

Asabar da sassafe ya sauko da pil daga rufi, ya lashe su ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi na zaɓa, ya ɗora manyeto a ka, ya ce sai tsoho ya ji da kunnensa. Muka iso ƙauye an riga an fito da tulu, turmi na gefe, surukina na riƙe da dutse. Yaya ya gaishe shi, ya roƙi ya dakata, ya zauna a gindin itacen bedi ya danna. Murya ta fito, tana ɗan tuntuɓe duk inda aka liƙa, amma tasa ce.

To ku ji abin da bawan Allah nan ya yi da zaren da aka sha wahala a kansa. Ya gaida babansa. Ya gaida mai gari, da liman, da mai gogen bori, da wanzami. Ya gaida mutanen da tuni muka binne, masu su na zaune suna share ido. Ya tambayi lafiyar jakinsa, wanda ungulu suka gama da shi tun bara. Pil suka fara sanyi, murya ta soma jan ƙafa, ni kuwa kamar in shiga cikin akwatin in shaƙe shi. Yaya ya tsayar, ya zaro wasu pil daga hammata inda ya ɗumama su, ya canja, ya sake dannawa. Sai ga shi ya zo kaina.

"Kulu, ki ji da kyau. Na aiko buhu ukku, biyu masara, guda garin rogo. Suna Bonkuku wurin Malam Idi maɗinki, bayan masallacin kasuwa. Ban hwaɗa ma masu mota ba, kin san halin da aka ciki. Ki tahi da kanki. Kada ku taɓa iri. In Allah ya so ina tahe kahin ruwa."

Surukina ya ajiye dutsen a ƙasa, ya zauna a kansa. Yaya kuwa ya karkata kunnensa mai ji, ya ɓata fuska, ya ce muryar ba ta washe ba, akwai kaki, a ba shi kaset ɗin ya koma da shi ya ƙara dubawa. Na fizge abina na cusa a zane.

Kamiyon Lahadi na hau shi kam, amma a Bonkuku na sauka. Maɗinkin yana nan, buhunan suna ƙarƙashin tsummokaransa, ko ɗinkin bakinsu bai taɓa ba, Allah ya yi masa albarka. Cikin waɗanda suka wuce Yamai ranar, akwai waɗanda ba mu sake gani ba. Mu muka zauna, muka yi ta lallaɓa buhunan nan. Na so in mayar wa Yaya gidan kaset a makon, amma kullum ƴaƴana sai sun ja ni gidan mai gari a kunna musu babansu, har ƙaramar ta haddace gaisuwar jaki. Da na gaya wa Yaya sai ya ce, "Bari ɗiya su ji ubansu. Inna ta iya jira." Maigidana ya iso saura ƴan kwanaki ruwa ya sauka. Muka fasa tulu, muka shuka, shekarar Allah ya dube mu.

Bayan shuka na kai masa gidan kaset. Ya buɗe gwangwani, ya mayar da Inna ɗakinta, muka jira Juma'a. Ya danna. Sai shuuu, kamar iska a cikin kara. Babu waƙa, babu gurzar dutse, babu sunan kaka ko ɗaya. Muka zauna har ƙarshe, can nesa-nesa, da ƙyar, muka ji, "kashe abin ga, ɗan banza." Shi ke nan abin da ya rage. Wani malamin lakwal ya bayyana mana cewa mayen ƙarfe yana shanye duk abin da ke kan zaren kaset idan suka daɗe tare. Wato wurin da Yaya ya ga ya fi ko'ina tsaro, nan ne ya cinye ta. Na dubi fuskarsa, ban taɓa ganinta haka ba. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi, "Inna ba ta taɓa son a ɗauke ta ba. Hushi taka yi. Za ta huce."

Shekara talatin da wani abu yana jiran ta huce. Duk sabuwar manyeton da ta shigo rumfarsa, da kaset ɗin Inna yake fara gwada ta. Ya goge, ya hura, ya canja roba, ya karkata kunne. Duk Juma'a sai ya saurari shuuu ɗin nan daga farko har ƙarshe, a zage shi, ya yi murmushi ya kashe. Abin ya daɗe yana cina, don da na mayar da gidan a makon farko, wataƙila da waƙar tana nan. Sau ɗaya na taɓa faɗa masa haka. Ya ce, "Ke kin gasa naki, ni na shahe nawa. Dut ciki guda munka hito." Bai sake yarda an tayar da maganar ba.

Zuwana na ƙarshe wurinsa yana kwance, idanu sun tafi, duniya ta koma jin waƙa a wayar hannu, rumfa ta daɗe a rufe. Ya lalubo kaset ɗin daga ƙarƙashin matashi ya danƙa mini, ya ce in ajiye ta a inuwa. Har na kai ƙofa ya kira ni ya ce, "Kulu, kada ki shanya." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kwana tara bayan nan Hajo ta aiko.

Na iso na same shi a shimfiɗe a zauren nan da ya taɓa cikawa da zare, gwangwanayensa na jere a bango. Na tsaya a kansa ina jira wani ya ce mini ba mutuwa ya yi ba, fushi yake yi. Babu wanda ya faɗa, mai faɗar ne a kwance. Kuma na ga an yi masa wanka.

Allah ya jiƙan Yaya Arzika, ya yafe masa takalmin Hajo da man shanun Inna, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da Innarmu inda zai ji waƙar nan daga farko har ƙarshe, sau nawa ya ga dama, ba tare da tsoron pil zai ƙare ba. Amin.